Rushe mutum-mutumin 'yan mulkin mallaka da masu cinikin bayi: gyara ne ko goge tarihi?

Dan_Tudunwada:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Dan Allah ina da tambaya, abin tun jiya yake cin raina. Jiya da daddare muna zaune a majalisa wani ya nuna mana tsohon bidiyon nan na garin Bristol a Ingila, na ranar 7 ga Yuni 2020, inda matasa suka ɗaura wa mutum-mutumin Edward Colston igiya suka fizgo shi ƙasa, suka yi ta mirgina shi a kan titi har bakin ruwa suka tunkuɗa shi ciki. Kwana kaɗan ne bayan ɗan sanda ya kashe George Floyd a Amurka. To sai musu ya kaure, wasu na cewa sun yi daidai mutumin fataucin bayi ya yi, wasu na cewa ɓarna ce kawai kuma ko an jefa ƙarfe a ruwa ba zai dawo da ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka sayar ba.

Ni abin da ya tsaya min shi ne kusan kullum sai na wuce ta gaban Lugard Hall a nan Kaduna, nan ne ma majalisar dokokin jiharmu take zama, kuma wlh ban taɓa jin wani abu ba don na saba, sai jiya ne na tsaya na ce to wai wannan Lugard ɗin ba shi ne sojojinsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903 ba, ba su ne suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi suka kashe shi ba? Kuma sunansa ne a kan ginin da ake yi mana doka. To wai ya kuke gani, a cire irin waɗannan abubuwa ko a bar su yara su gani su yi tambaya? Masu ilimin tarihi ku taimaka mana.

Maman_Ilham:

Wa alaikumus salam. Malam ni a Ingila nake zaune kuma na je Bristol na ga mutum-mutumin nan da idona, don haka bari in gyara abu ɗaya tukuna, ba a barshi a ruwa ba. Bayan kwana huɗu hukumar birnin ta tsamo shi, yanzu yana gidan tarihi da ake kira M Shed, a kwance ba a tsaye ba, da fentin da masu zanga-zanga suka watsa masa ba a goge ba, ga kuma bayanin ko wane ne shi a rubuce. Na je da yarana, babbar ta tsaya ta karanta komai, a mota ta yi ta jero min tambayoyi har muka iso gida. Shekara 125 yana tsaye a tsakiyar gari, ina tabbatar maka yaran da suka wuce ta gabansa a duk tsawon lokacin nan ba su koyi rabin abin da 'yata ta koya cikin minti ashirin ba, saboda abin da aka rubuta a jikin dandamalinsa yabo ne zalla, wai yana cikin mafi nagarta da hikima a 'ya'yan garin. Ko kalmar bawa babu.

Kuma mutane ba su lura da wani abu ba, Colston ya mutu a 1721, mutum-mutumin kuma a 1895 aka kafa shi, shekara 174 bayan mutuwarsa. Ka ga kenan ba kayan zamaninsa ba ne, wasu attajirai ne na baya suka zaɓi su ɗaga shi saboda ya gina makarantu da gidajen gajiyayyu. E ya gina, amma da wane kuɗi? Daga 1680 zuwa 1692 yana cikin manyan kamfanin Royal African Company har ya kai mataimakin shugaba, kuma masana sun ƙiyasta a shekarun nan kamfanin ya kwashi mutum wajen 84,000 daga Afirka ta Yamma, kusan 19,000 suka mutu a hanya aka watsa su teku, ciki har da yara. Da ƙarfe mai zafi ake yi musu tambarin kamfani a jiki kamar yadda ake yi wa shanu. Duk sanda na tuna wannan sai in ji ƙirjina ya yi nauyi, don daga yankinmu aka ɗebe su.

Masu cewa me ya sa ba a bi doka ba, an bi fa. Shekara da shekaru mutanen garin suna kai koke, a 2018 har an amince a ƙara allo na biyu da zai faɗi gaskiya, sai aka tsaya jayayya a kan kalmomin da za a rubuta, wasu na son a sassauta, maganar ta mutu a haka. Mutum huɗu da aka kai kotu kan kifar da shi an wanke su a Janairun 2022. Ni dai a ganina tunawa daban, karramawa daban. Wanda aka ɗora a kan dandamali a tsakiyar kasuwa karrama shi aka yi.

Baba_Mairiga:

Hajiya na ji bayaninki kuma ya yi ma'ana, Allah ya ƙara sani. Amma ku yara ku yi hattara, ni na ɗan manyanta na ga abubuwa. Matsalata ba Colston ba ce, wannan ko a ruwan aka barshi ba zan yi kuka ba. Matsalata ita ce wa zai riƙa yanke hukunci, kuma a ina za a tsaya? In muka ce duk wanda ya yi cinikin bayi a cire sunansa to mu shirya, don wuƙar za ta biyo ta gidanmu. A Kasuwar Kurmi ta Kano an sayar da mutane, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, sarakunanmu da attajiranmu da yawa sun mallaki bayi sun kafa rinji, wato ƙauyukan da bayi ke yi musu noma, kuma sai a 1936 aka haramta bauta gaba ɗaya a Arewa. A Legas akwai dandalin Tinubu, sunan Madam Efunroye Tinubu ne ba shugaban ƙasa na yanzu ba, babbar 'yar kasuwa ce da ta tsaya wa Turawa amma ita ma ta yi fataucin bayi. To ita a wane layi za a sa ta? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Sannan mu nan ba mu da al'adar adana abu. Bature ya tsamo nasa daga ruwa ya kai gidan tarihi ya sa masa fitila da bayani, mu in aka ce a cire to katafila ce za ta zo da asuba, gari na wayewa babu komai sai ɓaraguzai. Ku duba ganuwar Kano yadda ake ta cinye ta ana gina shaguna, wannan fa namu ne na kakanninmu ba na Lugard ba, wa ya yi zanga-zanga a kai? Ni in an tambaye ni a bar Lugard Hall da sunansa, amma a kafa babban allo a ƙofa da Hausa da Turanci da ajami, a rubuta abin da aka yi a Burmi da yadda aka shafe garin Satiru a 1906. Jikana ya karanta ya san cewa an taɓa cin mu da yaƙi kuma ga wanda ya yi.

Ummu_Khalil22:

Ni fa tun farko ban ga dalilin sassaƙa surar mutum a kafa a titi ba, ko na kirki ne ko mugu, addininmu ya hana kuma shi ya sa a garuruwanmu da wuya ka ga irin wannan, sai dai shataletale mai ƙwarya ko tambarin Arewa. Shehu Ɗanfodiyo ba shi da mutum-mutumi a Sakkwato amma wa ya manta da shi? Littattafansa ne suke riƙe da sunansa. Don haka mu rigimarmu ta sunaye ce, tituna da gine-gine da garuruwa, ko Fatakwal ai sunan wani ministan mulkin mallaka ne Lewis Harcourt aka sa mata.

Dan_Tasawa:

Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ku ba ni wuri in sa baki don mu nan Nijar abin ga mun gan shi kwanan nan. A watan Oktoba 2024 hukumomin soja suka canza sunaye a Yamai, babban titin da ake kira Charles de Gaulle ya koma Djibo Bakary, wanda ya ja jam'iyyar Sawaba ya ce a'a ga Faransa a ƙuri'ar 1958, hoton wani sojan Faransa Monteil da ke jikin dutse aka sauya shi da na Thomas Sankara. Ni na yi murna har raina, ba don siyasa ba, don tun muna lakwal, wato makarantar boko, sunayen ga muke haddacewa ba mu san namu ba. Chadi ma ai tun 1973 suka cire Fort Lamy suka ce N'Djamena, yau wa ke kewar tsohon suna?

Amma Baba Mairiga akwai inda na yarda da kai. Kusa da mu nan a Maijirgi akwai kaburburan Voulet da Chanoine, sojojin Faransa biyu da suka ratso ƙasar Hausa a 1899 suna ƙone garuruwa, su ne suka yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, su ne Sarauniya Mangu ta tare a Lugu, daga baya sojojinsu na haya suka juya musu baya suka harbe su. Kaburburan ga suna nan har yau kuma ni ba zan so a tone su ba ko kaɗan, don ba wanda ya je can ya ji an girmama su, sheda ce, in Bafaranshe ya ce ƙarya ne ba a yi ba sai ka kama hannunsa ka kai shi. Kabari a bakin gari da sunan mutum a babban titin birni ba abu ɗaya ba ne. Tsofaffinmu har yanzu suna ba da labarin rijiyoyin da aka cika da gawa, abin da ya rage shi ne a rubuta shi a littafin lakwal yadda ya kamata.

Zango_Kumasi:

Gaisuwa daga Gana. Mu nan mun ga fuska biyu na abin nan shi ya sa nake tsaka-tsaki. A 2016 shugaban Indiya ya zo ya buɗe mutum-mutumin Gandhi a jami'ar Legon, malamai da ɗalibai suka ce ba su yarda ba saboda rubuce-rubucen da ya yi yana saurayi a Afirka ta Kudu inda ya ƙasƙantar da baƙar fata, aka yi ta ja har Disamba 2018 aka sauke shi. Ba wanda ya fasa komai, takardar koke aka rubuta aka sa hannu. Wannan ya yi min daidai.

Ɗaya fuskar kuma, a 1966 da sojoji suka kifar da Nkrumah, mutane da murna suka tumɓuke mutum-mutuminsa a Ankara babban birninmu har kan ya cire, a ranar kowa gani yake ya yi aikin lada. Yau je ka wurin da aka binne Nkrumah, gangar jikin tana tsaye babu kai, kan kuma an ajiye shi a gefe, wata mata ce ta ɓoye shi shekaru sannan aka dawo da shi, mutumin da aka tsine wa jiya shi ne gwarzon ƙasa yau. Shi ya sa in zuciya ta ɗau zafi nake tsoron guduma. A sauke a ajiye, kar a farfasa.

Kuma Baba gaskiyarka kan maganar gida, kakanninmu fatake da suka zo Gwanja sayen goro sun san kasuwar Salaga, ba goro kaɗai ake sayarwa a can ba, rijiyoyin da ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa suna nan. Kurkukun bayi na Elmina da Cape Coast ma ba a rushe ba, kullum baƙi daga Amurka suna zuwa suna kuka a ciki, da an rushe su da me za a nuna musu?

Maman_Ilham:

Zango ai maganarmu ɗaya, Elmina wuri ne da abin ya faru, Colston kuwa ado aka yi masa. Baba kuma Allah ya ƙara girma, wuƙar ta biyo ta gidanmu ɗin, ni ban ƙi ba. Akwai iyalai a cikinmu da har gobe ake yi musu gorin asali in an zo maganar aure, wannan ya fi kowane ƙarfe ciwo kuma ba ma son a taɓo shi.

Dan_Tudunwada:

Na gode ƙwarai jama'a, wlh na ƙaru, ban san an tsamo shi daga ruwa ba ma. Har yanzu dai zuciyata ba ta kwanta da sunan Lugard a kan majalisa ba, gadarsa ta ƙarfe da aka ɗauko daga Zungeru tana nan a wurin shaƙatawa na Gamji a Kaduna, wannan a barta a kula da ita yara su je su gani, amma zauren da wakilanmu suke zama gara a sa masa sunan wani namu. Baba shawararka ta allo zan kai wa shugaban makarantar da nake koyarwa, ko ba a kafa a ƙofar majalisa ba mu ma iya kai 'yan aji shida can mu yi musu bayanin da baki. Dan Tasawa dan Allah in ka samu hali ɗauko mana hoton kaburburan nan na Maijirgi ka ɗora a nan, ina so in haɗa da na Burmi in nuna musu ranar Litinin.