Kuy teav ba da ƙashin alade ba, zai yi daɗi?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Shekarata 2 a Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, kullum da sassafe ƙamshin kuy teav ɗin maƙwabciyata sai ya shigo min ta taga. Taliyar shinkafa ce cikin romon ƙashin alade. Jiya na gwada da kaza, romon ya fito salam. Me na rasa?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam, 'yata. Ƙashin saniya za ki nema, Musulmin ƙabilar Cham na Kambodiya ma da naman sa suke yi. Awa 4 a ƙaramar wuta, kina kwashe kumfa har romon ya yi garau.

Ummi: Anti, ki zuba busasshen jatan lande da ɗan sukari. Soyayyar tafarnuwa, lemon tsami da masoron lardin Kampot kuwa sai a kwano.

Maman Ilham: Tafarnuwar ce na manta wallahi! Na gode, gobe zan sake.