Zan koma ƙauye kusa da gandun dajin Yankari in buɗe masauki, ku ba ni shawara

Mai tambaya:
Salamu alaikum. Shekara 19 ina aikin jinya a Kano, hayaniya da kuɗin haya sun ishe ni. Mahaifinmu ya bar mana fili a wajen Alkaleri, kan hanyar Yankari. Ina so in gina ɗaki huɗu na ƙasa da rumfa ƙarƙashin tsamiya, a riƙa yi wa mata tausa da man kaɗanya da sirace. Maigida ya amince. Da me zan fara?

Wani ɗan Bauchi:
Hajiya, ruwa kafin komai. Haƙa rijiyar burtsatse ki sa mata sola. Baƙon da ya yi wanka a Wikki, maɓuɓɓugar nan ta Yankari mai ruwan ɗumi garai-garai, ba zai jure bokiti rabi ba.

Wata mai gidan abinci:
Yaya, ciniki a nan na rani ne, lokacin da ciyawa ta bushe ake ganin giwaye a bakin kogin Gaji. Da damina shiru, ki tanadi kuɗin wata huɗu. Kuma ki je ki gaida mai unguwa kafin ki aza tubali.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka. Asabar zan je in ga mai haƙar rijiya.