Tsohon QGIS ya daina jituwa da PostgreSQL 12, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana huɗu ke nan ina fama da wata matsala, kaina ya ƙulle.

A wurin aikinmu muna ajiye taswirar rijiyoyin burtsatse da iyakokin gonaki a rumbun bayanai na PostgreSQL 11 tare da PostGIS 2.5, wato ƙarin da ke ba rumbun damar ajiye bayanan taswira. Makon jiya na ɗaga sabar zuwa PostgreSQL 12 da PostGIS 3.0. Bayanan suna nan lafiya, na ƙirga layukan kowane tebur, babu wanda ya salwanta. Amma kwamfutocin ma'aikata har yanzu QGIS 3.4 ne a kansu, wato manhajar da muke buɗe taswirorin da ita, kuma da zarar an buɗe tebur ta DB Manager, ɓangaren QGIS mai kula da rumbun bayanai, sai ya ce bai ga ginshiƙin "adsrc" ba. Da na bincika sai na gano PostgreSQL 12 ya cire wannan ginshiƙi daga pg_attrdef, ɗaya daga cikin teburan cikin gida na PostgreSQL, tsohon QGIS ɗin kuwa shi yake nema.

Abu na biyu, hotunan tauraron ɗan'adam. Tun daga PostGIS 3.0 an ware ɓangarensu zuwa postgis_raster. Shin umarnin postgis_extensions_upgrade() kaɗai ya isa ya daidaita shi, ko da sauran mataki?

Abin da ya fi damuna, kwamfutocinmu tsofaffi ne, ga wata 'yar manhaja da muka rubuta wa QGIS 3.4 wadda nake tsoron ta lalace. In na sa QGIS 3.10 za ta ci gaba da aiki? Ko in koma kan ajiyar da na yi kafin ɗagawar? Ma'aikatan fili suna jirana su shigar da bayanan damina. Don Allah wanda ya taɓa bi ta nan ya taimaka min.