Abin da muka tsinta daga hirar alobera

Bayan an tashi daga Islamiyya ranar Asabar, hira ta kai mu ga alobera, tsiron nan mai kaurin ganye da wasu ke kira kabar giwa. Kowa da abin da ta sani, sai wata ma'aikaciyar jinya da ke cikinmu ta riƙa gyara mana.

An fi yarda da amfaninsa a fata. Idan ruwan zafi ya ɗan taɓa ki, ko tukunya ta lashe miki hannu, fara sa wurin cikin ruwan sanyi na wasu mintuna, sannan ki shafa farin ɓargon nan mai yauƙi na cikin ganyen. Ƙunar da ta yi zurfi ko ta tashi ƙuraje manya kuwa, asibiti kawai. Masu kaushi da amosanin kai ma sun yabe shi, amma a fara gwadawa a bayan hannu, don akwai masu yin ƙaiƙayi.

Inda aka daɗe ana musu shi ne sha. Ruwan nan rawaya mai ɗaci da ke tsatsowa da zarar an yanke ganye, shi ke sa gudawa da murɗar ciki. Tun 2002 hukumar magunguna ta Amurka ta cire shi daga magungunan sakin ciki da ake saya ba takardar likita. Don haka a jingine ganyen a kofi ya tsiyaye tukuna, a wanke.

Mai ciki da mai shayarwa kada su sha. Mai shan maganin suga kuma ta tambayi likitanta, domin yana iya ƙara saukar da sugan. Wata dattijuwa ta ce ita dai a gashi ta tsaya.