Ɓarawo ne ko mayunwaci? Muhawara kan sabon fim ɗin Les Misérables

Malamin Faransanci daga Damagaram: 'Yan uwa, tun da na ji cewa mai shirya fim Fred Cavayé ya ɗauko littafin marubucin Faransa Victor Hugo na 1862 zai mayar da shi fim, na kasa zaune na kasa tsaye. Vincent Lindon ne zai fito a matsayin Jean Valjean, jarumin labarin, Tahar Rahim kuma shi ne ɗan sanda Javert. Har yau ban huce ba da abin da aka yi wa littafin nan a 2012, lokacin da aka mayar da shi fim da ɗan wasa Hugh Jackman aka cika shi da waƙe-waƙen Turanci, har wani ɗalibina ya rantse mini cewa a Ingila labarin ya faru. Ina nan a kan bakana cewa Faransawa ne kaɗai za su yi wa labarin ɓarawon burodin nan adalci.

Wata ɗalibar shari'a daga Zariya: Allah ya gafarta malam, kalmar ɓarawo ta yi nauyi. Mutumin da ya fasa tagar gidan burodi domin 'ya'yan 'yar uwarsa bakwai suna kwana da yunwa, aka ɗaure shi shekara 19, shi ne za ku kira ɓarawo? Ai ko Sayyidina Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa.

Ɗan Maraɗi: Ƙanwata, da alama fim kika gani, ba ki buɗe littafin ba. Shekara 5 aka yanke masa a kan burodin, sauran 14 kuwa shi ya jawo wa kansa da yunƙurin tserewa daga kurkukun Tulon. Da ya fito a 1815, limamin cocin Digne ya ba shi abinci da makwanci, shi kuma ya tashi cikin dare ya kwashe cokulan azurfar mutumin. Bayan limamin ya rufa masa asiri a gaban jandarmomi, har ya ƙara masa da mazaunin kyandir biyu na azurfa, sai ga shi ya taka kuɗin wani ƙaramin yaro a hanya ya hana shi. Wace yunwa ce ta sa shi wannan?

Ɗalibar shari'a: Yaya, kurkukun ne ya mayar da shi haka, kuma abin da marubucin yake son a gane ke nan. Sannan ban san cewa sai mai takardar makarantar Nijar ne yake da izinin magana a kan Hugo ba.

Wani Bakano: Gaskiyarki. Kullum mutanen Nijar gani suke yi duk wanda ya karanta fassarar Turanci bai karanta komai ba.

Ɗan Maraɗi: Ba mu ce haka ba, amma sunan littafin kansa yana ɗauke da ma'ana biyu, matalauta da kuma lalatattu, kuma wanda bai ji Faransanci ba ɗaya kawai zai kama.

Wani dattijo daga Yamai: Ku yi ta jayayya a kan burodi. Wannan Hugo da kuke yabo da tausayin talaka, shi ne ya miƙe a Faris a 1879, a liyafar tunawa da soke bauta, ya ce wa Turawa su je su kama Afirka. In ana neman ɓarawo, daga nan ya kamata a fara.

Malamin Faransanci: Baba, maganarku gaskiya ce, amma ni fim na kawo. Babu wanda ya ce uffan a kan ko Lindon zai kamo Jean Gabin na 1958 ko Lino Ventura na 1982, waɗanda suka fito a matsayin Valjean a finafinan baya.

Bakano: Malam, ku fara janye kalmar tukuna.

Mai kula da zaure: Na rufe wannan muhawara a nan. Abin da na fahimta shi ne, waɗanda suka karanta littafin da harshensa na asali, kamar yadda muka karanta shi a aji, sun tabbatar da hujja cewa Valjean ya yi sata har sau uku, saboda haka malam bai yi kuskure ba. Sauran kuwa tausayi ne ya ɗebe su. Maganar Baba ta 1879 ba ta shafi batunmu ba, wanda yake so ya buɗe mata nata zauren.