"Clone" a rumbun bayanai: kwafi ne, dashe ne, ko juyi?

Salamu alaikum 'yan'uwa masu rubuta manhaja. Wata kalma, "clone", ta tsaya mini a maƙogwaro tun makon jiya. Ina koya wa ƙannena biyu Django, wani tsarin gina manhajar yanar gizo, da Hausa bayan sallar isha'i, muka iso wurin da ake ɗauko wani abu da ke ajiye a rumbun bayanai a fitar da sabo irinsa. Na buɗe baki zan ce "kwafi", sai na tuna kwafi ya taɓa kunyata ni. Ku taya ni nema.

Bari in ba ku labarin, don ku san abin da muke nema wa suna. Shekarun baya na yi wa wani Alhaji mai sarin atamfa da shadda manhajar rubuta oda. Yana da kwastomomin da kusan kaya iri ɗaya suke ɗauka duk wata. Ya ce mini, "Yaro, sa mini wani maɓalli da zan danna odar watan jiya ta dawo in ɗan gyara, ba sai na sake bugawa daga farko ba." Na ce an gama, Alhaji. Na kira copy.copy, umarnin yin kwafi, a kan odar, na canza kwanan wata, na kira save don a ajiye. Na gwada, sabon kwanan wata ya fito a allo, na rufe kwamfuta na tafi cin tuwo.

Kwana uku sai ga waya. "Odar Hajiya ta watan jiya ina ta shiga? Akwai cikon kuɗi a kanta fa." Na duba, babu ita. Ashe ban haifi sabuwar oda ba, tsohuwar na danne da sababbin bayanai. Allah ya taimake ni Alhaji bai taɓa yarda da kwamfuta ɗari bisa ɗari ba, yana nan da dogon littafinsa mai baƙin bango a ƙarƙashin tebur. Ranar na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ga abin da ya faru. Tsakanin manhajarka da rumbun akwai mai shiga tsakani, ORM, wanda na daɗe ina kira tafinta, kuma ban ji wanda ya yi gardama ba tukuna. Kai kana magana da abubuwa, rumbu yana magana da tebur da layuka, tafinta yana fassara. Shi tafintan nan da lambar shaida yake gane kowa, wato pk. In ka miƙa wa Django abu mai lamba, zai fara da UPDATE, wato gyara, a kan layin da ke da lambar. In babu lamba ne yake yin INSERT, wato ƙara sabon layi. Kwafina ya zo da lambar tsohuwar oda a goshinsa, tafinta ya ce ai na san ka, ya kai shi ɗakin mai lambar.

Kamar ka kai katin ɗan ƙasa shagon fotokwafi ne. Takarda ta zama biyu, amma lambobin NIN 11 ɗin nan guda ne, mutum kuma ɗaya ne. Ba a ƙara ɗan ƙasa ba. To a kunnen Bahaushe abin da kwafi ke nufi ke nan: komai da komai, har da lamba. Shi ya sa nake so mu bar wa kwafi wannan aikin, mu nemo wata kalma ga ɗayan.

Kafin wani ya ce mu ari ta Turanci kawai mu huta: wacce daga ciki? Masu abin ma ba su daidaita ba, kowane tsari mai tafinta irin na Django da kalmarsa. Laravel na cewa replicate. Rails na cewa dup. Django ba shi da kalma sam, sai dai a ce maka ka mayar da pk ya zama None, ka sa _state.adding ya zama True, ka sake save. SQLAlchemy kuwa make_transient yake da shi. Abin dariya ma, kafin Rails 3.1 da ya fito a 2011, clone ne ke ba ka sabon abu marar lamba. Daga nan suka musanya, dup ya karɓi aikin, clone ya koma mai riƙe lamba. In muka ce za mu fassara kalmarsu, wacce shekara za mu fassara? Aikin za mu duba mu raɗa masa suna.

Amsoshi sun fara shigowa, na gode. Wani ɗan'uwa ya ce "takwara". Malam, ina ganin wannan ta juya mana baya ne. Takwaranka sunanku ɗaya, komai naku daban. Abin da muke nema kuwa komai nasu ɗaya, suna ne kawai ya bambanta. Kishiyar takwara muke nema.

Wata 'yar'uwa ta ce "tagwai". Ta fi kusa, don Hassan da Hussaini kama ɗaya, suna daban. Amma tagwaye tare ake haihuwarsu, odar Alhaji kuwa wata guda ke tsakaninta da 'yar'uwarta. Kuma in ya sake danna maɓallin ta uku ta fito fa, Gambo za mu kira ta?

"Maimai" ma an kawo. Maimai aikin da aka sake yi ne, kamar ɗalibin da ya maimaita aji. Na wuce ta.

Yanzu ga wadda ta tsayar da ni. Wani dattijo da ya koyar da aikin gona ya rubuto cewa "dashe", ya kuma kafa hujja da rogo: ka sari kara, ka binne, ya yi jijiyarsa, ya zama rogo mai zaman kansa, amma irin uwar ne sak. Baba, Allah ya ƙara girma, ka taɓo asalin maganar. Ita kanta kalmar clone daga Girkanci ta fito, ma'anarta ɗan reshe, kuma wani masanin tsirrai na Amurka, Herbert Webber, shi ya shigo da ita a 1903 don tsirran da ake yaɗawa ta hanyar yanka. Tunkiya Dolly ta 1996 daga baya ta zo. In asali za a bi, dashe ya ci gasa.

Sai dai ina da ja, da neman afuwa. A bakin mutane yau dashe ɗauke abu ne daga nan a kai can. Dashen tumatir, an cire daga kwami an kai gona. Dashen ƙoda, mai bayarwa ya rasa ɗaya. In na rubuta "dasa oda" a maɓalli, Alhaji zai tambaye ni daga ina aka tumɓuke ta, kuma yana da gaskiya, tunda an taɓa tumɓuke masa ɗaya.

Amma kar mu yar da dashe, akwai gurbin da ya dace da shi kamar an auna. Dubi dabarar nan ta Django. Abin da ke hannunka guda ɗaya ne. Ka goge masa lamba, ka ajiye, sai shi kansa ya koma sabon layi. Tsohon layin na nan a rumbu, amma ba ka riƙe da shi kuma. In kana sonsa sai ka sake ɗebo shi. Haka make_transient yake yi a SQLAlchemy: yana cire abin daga session, wato zaman da tafinta ke kula da shi a ciki, ya shafe shaidar cewa an san shi, kai kuma ka goge lambar da hannunka, don ba ya goge maka ita. Ba a gina abu na biyu ba, na farkon aka cire aka sake binnewa. Wannan dashe ne tsantsa. Don haka dashe sunan dabara ne, ba sunan sakamako ba.

A nan ne ma masu SQLAlchemy ke cin tuntuɓe. Kowane abu yana ɗauke da wata ɓoyayyiyar takarda mai suna _sa_instance_state, inda tafinta ke rubuta wane ne wannan da halin da yake ciki. In ka yi copy.copy, takardar za ta bi kwafin, alhali tana nuna na asali. Ka samu jiki biyu da takardar haihuwa ɗaya. Sannan duk wani gurbi da ba a riga an ɗebo daga rumbu ba kafin dashen, ba zai ƙara zuwa da kansa ba, fanko za ka tarar.

To ga tawa shawarar: juyi. Ba ƙirƙira na yi ba. Mun taso muna jin an ba wane littafi ya juya, wato ya zauna da alƙalami da tawada ya rubuta shi a sabuwar takarda. Waɗanda suka riski zamanin kaset sun san "juya mini kaset ɗin nan": ka kai sabo fanko, a zuba maka abin da ke cikin tsohon, kowa ya tafi da nasa. Abin ciki ɗaya, mazubi daban, na asali bai ragu da komai ba. Kuma mai juya littafi yana da zaɓi, wanda injin fotokwafi ba shi da shi. In mai littafin ya rubuta sunansa a bango, mai juyi ba zai kwashe sunan ba, nasa zai sa.

Zaɓin nan shi ne zuciyar aikin. Akwai abubuwan da ba sa bin juyi: lambar shaida, ranar da aka ƙirƙira, lambar rasit da dokar tebur ta ce kada a samu biyu, alamar "an biya". Laravel da Rails duk suna zubar da lambar shaida da lokutan ƙirƙira da gyara da kansu, amma ba su san cewa "an biya" ba ta gado ba ce. Wannan kai ne za ka sani. Ka juya oda da "an biya" a jikinta ka ga yadda ake raba kaya kyauta.

An yi mini gardama biyu, duka masu ƙarfi. Ta farko: juyi ya yi yawa a Hausa, ga juyin mulki, ga juyin waina, ga juya magana. Haka ne. Amma wanda ke gaban tebur ɗin oda ba zai zaci sojoji ba. "Zama" ma da muke kiran session da shi ai yana da ma'ana goma, ba mu ɓata ba.

Ta biyu ta fi ba ni tsoro, kuma malamina ne ya kawo ta: tsakanin juya da juye wasali ɗaya ne. Ka juye hatsi a buhu, kwano ya koma wayam. Malam, na karɓa. Sai dai ni riba na gani: juya ga wanda ya bar na asali, juye ga wanda ya kwashe ya share. Kalmomi biyu a kuɗin ɗaya. Illa dai mai rubuta darasi ya buɗe ido.

Saura zurfi. Bayan na gyara wa Alhaji lambar, sai sabuwar oda ta fito da sunan Hajiya da kwanan wata, amma babu ko yadi ɗaya a ciki. Kayan odar suna wani tebur daban, kowane layi yana nuna lambar uwarsa, kuma duk suna nan manne da tsohuwar. Babu ɗaya daga cikin tafintocin nan da ke juya maka su da kansa. Sai ka tara su a hannu tukuna, ka juya uwar, ka juya kowane ɗa ka ɗaura masa sabuwar lambar uwa, duka a cikin transaction.atomic guda, wato ko a ajiye duka ko a fasa duka, don in wuta ta ɗauke a tsakiya kada a bar uwa da rabin 'ya'ya.

Turawa suna cewa shallow da deep, wasu sun ba da "sama-sama" da "mai zurfi". Ban ƙi sama-sama ba. Mai zurfi ne ban yarda da shi ba, don bai faɗi inda za a tsaya ba. Oda tana nuna Hajiya, Hajiya tana nuna garinsu, kayan suna nuna atamfar da ke sito. In ka saki deepcopy, umarnin kwafi mai zurfi, ya bi duk igiyar da ya gani, za ka wayi gari da Hajiya biyu da Kano biyu. Kama da wane ba ta wane. Tambayar ita ce wa ke cikin gidan, wa ke maƙwabtaka. Layukan kaya 'ya'yan oda ne, in ta mutu sun mutu. Hajiya da atamfa maƙwabta ne, nuna su kawai ake yi. Shi ya sa na fi son "juyi shi kaɗai" da "juyi da 'ya'ya". Ƙanena ƙarami da ya ji haka bai sake tambaya ba, da kansa ya ce to alaƙar ɗaya-da-ɗaya fa, inda kowane layi abokinsa ɗaya ne tak, ai ita ba a raba ta, dole a juya. Haka ne kuwa.

Wata kyauta ta faɗo a hanya. Wani ya tambayi sunan abin da aka cire daga zama amma yana riƙe da lambarsa, wanda SQLAlchemy da Hibernate, tafintan masu Java, ke kira detached. Wata uwa a cikinmu ta ce ai yaye ke nan. Wallahi ta buga daidai. Yaron da aka yaye sunansa na nan, gidansu na nan, nono ne babu. In ya nemi abin da bai riga ya sha ba sai kuka, kukan kuwa shi ne DetachedInstanceError, ko LazyInitializationException a wajen masu Java. Uwarmu, wannan taki ce, ba mai ƙwace miki.

Abin da zan shiga aji da shi gobe ke nan: mai lamba kwafi, marar lamba juyi, dabarar goge lamba dashe, wanda aka raba da zama yayayye. Na riga na canza sunan aikin a darasin zuwa juya_oda. Wanda ke ganin juye za ta yi mana ɓarna ya kawo wadda ta fi kafin isha'i, don da na buga takardun na raba wa yaran, gyara sai dai da biro.