Taƙaitawa: hoton ƙarin ƙwaƙwalwa bayan an toshe masa jini

Jama'a, ga abin da aka tattauna:

1. An yarda cewa yawanci meninjiyoma, wato ƙarin da ke tsirowa a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, ake toshe wa jijiyar jini kafin tiyata, don rage zubar jini.
2. A hoton MRI, inda jini ya daina kaiwa ba ya ɗaukar ruwan allurar da ake yi don hoton ya fito sarai: tsakiya ta yi duhu, gefe na iya ci gaba da haske. Duhun nan galibi mataccen nama ne, a kwantar da hankali.
3. Ƙarin ba ya raguwa nan take, wani ma kumbura yake.
4. An rabu kan jira bayan toshewar: wasu washegari a yi tiyata, wasu kusan mako, ya yi laushi.
5. Mai zuwa Asibitin Malam Aminu Kano ya riƙe tsohon hoto, likita ya kwatanta.